Tauraron da Ya Fi Ƙarfin Bishiyar Sista

Ban tambayi tsawon bishiyar ba. Kuskurena ke nan, kuma ƙarami ne, ko Autanmu da haƙoran gabansa suka zube zai iya yin wannan tambaya. Ni da nake tambayar komai, har limamin unguwa ya taɓa canja hanya da ya hango ni, sai ga shi tambaya ɗaya mai amfani ban yi ta ba.

A shekarar azumi ya faɗo cikin sanyi. Ina da shekara goma sha biyar, muna zaune a unguwar Uhudu a Madina, inda Baba yake da rumfar carbi da turare kusa da wurin da motocin masu ziyara suke tsayawa. Kakata ta wajen uba tana tare da mu. Tana da ciwon suga, kuma tun kafin azumi ta taka garwashin da ya faɗo daga kaskon turare ba ta ji ba, sai da Inna ta ji ƙauri ta duba. Ciwon ya zauna a dunduniyarta ya ƙi rufewa. Likita ya ce idan ya ci gaba a haka, za a yanke ƙafar.

Kaka ba ta jin Larabcin likitoci, amma ta ga yadda ya gitta hannunsa a ƙasan gwiwarta. Muna shiga mota ta ce, "Da ƙafar nan na zo garin nan. Ina 'yar yarinya, daga ƙasar Kano har bakin teku, ba jaki ba raƙumi. Wanda zai yanke ta ya fara takowa daga can tukuna."

Mun sha jin labarin tafiyar nan. Duk lokacin da ta ba da shi sai hanyar ta ƙara tsawo, kurayen su ƙara yawa. Inna ta ce a wajen Kaka na gaji ƙari a magana. Amma ranar ba ta ƙara komai ba. Ƙafar kawai take kallo.

Asibitin yana can bayan gari, sai an wuce allon da yake nuna iyakar Harami, wadda ba a barin wanda ba Musulmi ba ya ƙetare ta ya shigo gari. Kawu, ƙanen Baba, shi yake kai mu a tsohuwar motarsa da yake ɗaukar masu ziyara. Ni kuma ni ne tafinta, duk da Kaka tana cewa Hausata kamar ta Bature mai mura. Mai wanke ciwon wata nas ce 'yar ƙasar Filifin, gajeriya, kowa Sista yake ce mata. Kafin ita nas biyu Kaka ta kora. Ɗaya ma shurinta ta yi har kwanon magani ya bugi silin. Inna ta ce ƙasa kawai ya faɗi, amma Inna ba ta wurin.

Sista ba ta tsayawa a kan mutum. Durƙusawa take yi a ƙasa ta ɗora ƙafar a cinyarta. Kwalbar ruwan wankin sai ta riƙe ta a tafin hannu ta ɗumama kafin ta zuba. Tana cire ruɓaɓɓen naman kaɗan kaɗan, tana wani guna-guni a hanci, ba ta taɓa kawar da fuska ba. Ranar farko Kaka ta dube ni ta ce, "Wannan ta san ƙafar mutum ce." Shi ke nan. Ciwon da ya kai girman dabino ya fara komawa kamar ƙwallon dabino. Likita ya daina gitta hannu.

Wata rana cikin azumi muka tarar idanun Sista sun yi ja. Kaka ta zungure ni da sandarta.

"Tambaye ta wa ya taɓa ta."

Na tambaya. Da karyayyen Larabcinta ta ce babu kowa. Bikinsu na Kirsimeti ne ya matso. Tana da ɗa a gida, ta bar shi yana koyon tafiya, yanzu har makaranta yake zuwa. A irin wannan lokaci suna rataya taurari da ƙwallaye masu ƙyalli a jikin bishiya, yara ne suke yin su da hannu. Ta ce ita ma tana da bishiya a masaukinsu, amma tsirara take, don babu kantin da aka yarda ya sayar da irin kayan nan. Tana naɗa bandeji ta ƙara da cewa kwantiraginta zai ƙare bayan Sallah, an ce ta sabunta, ba ta san abin da za ta yi ba.

Na juya wa Kaka duka da Hausa. Sai da muka wuce allon iyaka muka shigo gari sannan ta yi magana.

"Idan ta tafi, ƙafar nan ta tafi."

Kawu ya ce, "Haba, nas-nas nawa ne a asibitin?"

Kaka ta ce, "Kai ka ba su taka ƙafar. Da yarinyar nan tana iya shigowa gari, da na zaunar da ita a tsakar gida na tuƙa mata tuwo da miyar kuka har ta manta hanyar filin jirgi. To ba dama. Mutum yana riƙe da ƙafarka, ko ƙofar gidanka bai sani ba."

A nan dabara ta faɗo mini. Ba mu iya ciyar da ita a gida ba, amma muna iya tufatar mata da bishiya. Idan bishiyar ta cika, kewar gida ta ragu. Idan kewa ta ragu, ta sabunta kwantiragi. Idan ta sabunta, ƙafa ta tsira. Har mamaki na yi yadda manya suka kasa hango abu mai sauƙi haka.

Matsalar ita ce ban taɓa ganin bishiyar Kirsimeti ba. A Madina in an ce bishiya, dabino ake nufi, wanda sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Shaidar da nake da ita guda ɗaya ce, wani tsohon gwangwanin biskit da Inna take ajiye allura da zare. A murfinsa akwai hoton wani gari da ƙanƙara ta rufe, a tsakiya ga bishiya ta fi gidajen tsawo, da tauraro a ƙolinta. Na auna tauraron da tagar gidan da ke kusa da shi. Kusan ɗaya suke. Na ce alhamdu lillahi, ilimi ya samu.

Na tara ma'aikata a saman gidanmu bayan la'asar: ƙanwata mai shekara goma, Auta, da 'yan biyun maƙwabtanmu mutanen Chadi, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, su biyun a tare. Na ce musu adon Sallah za mu yi. Ƙanwata ta kalle ni sama da ƙasa.

"Yaya, tun yaushe kake son Sallah ta yi kyau? Kai da kwana kake yi har azahar."

"Yi shiru ki riƙe almakashi."

Kayan aiki daga ko'ina muka kwaso su. Kwalayen dabino daga bayan rumfunan 'yan kasuwa. Ƙwayoyin carbi da suka tsinke, waɗanda Baba yake tarawa a buhu yana cewa wata rana zai gyara. Murafen gwangwanin madara. Wata ƙwallo da ta fashe tun bara. Sai ƙasdir, takardar nan mai ƙyalli da ake rufe farantin abinci, wanda na kwashe wa Inna kaf ana tsakiyar watan aika abinci maƙwabta. Gam kuwa fulawa muka dama da ruwan zafi. Muna cikin aiki na waiga na ga Auta ya dulmiya yatsa a kwanon yana lasa.

"Kai! Ba azumi kake ba?"

"Nawa na rabin yini ne. Ya ƙare tun ɗazu."

"To gam ɗin fa? Hanjinka zai manne, sai an kira kafinta."

Ya fashe da kuka, 'yan biyu suka taya shi da dariya, ƙanwata ta ce za ta faɗa wa Inna, ni kuma na yi musu alkawarin alewa da ban da niyyar saya.

Duk da haka aiki ya tafi. Ƙanwata ce mai hannu. Ita take yanka kwali a miƙe, ita take shafe ƙasdir da bayan cokali har ya kwanta sumul. 'Yan biyu suna huda murafe da ƙusa suna zura zare. Auta aikinsa riƙe abu har ya bushe, kuma bai taɓa riƙe komai har ya bushe ba. Duk abin da suka yi ƙarami sai na mayar da shi. Ina cewa, "Wa zai ga wannan daga ƙasa? Ku ƙara! Yalla, maza!" Ƙwallon nan muka naɗe ta da ƙasdir ta koma kamar kan aljani. Muka yi sarƙar carbi da za ta iya ɗaure raƙumi. Don igiyoyi masu sheƙi na zare kaset biyu na waƙoƙin Sudan daga motar Kawu na warware cikinsu. Na duba da kyau kada na taɓa na karatu, wannan kam ina da tsoron Allah. Tauraron ni na zana shi da kaina, a kan babban tiren da muke buɗe baki. Da muka gama sai mutum biyu suke ɗaga shi.

Daga saman gida ana hango dutsen Uhudu, yana yin ja in rana ta kusa faɗuwa. Yunwa tana cinmu, sanyi yana busar da gam a yatsunmu. A ƙasa kuma ɗakin Kaka ne, tagarsa a buɗe. Wani lokaci yara suna tsakiyar ihu sai na ji tana nishi in ta juya ƙafar. Sai in ƙara tsawa, in ce a ƙara girma. Ban san wani abin da zan yi ba.

Inna ce ta fara kama mu, ta hau neman ƙasdir ɗinta. Ta tsaya ta dubi tauraron, ta dubi gwangwanin allurarta da na jingine a bango ina kwaikwayo.

"Ya walad, kai yaro, mene ne wannan?"

"Adon Sallah."

"Da azumi a bakinka?"

Na faɗa mata gaskiya. Ta riƙe haɓa ta ce yau ta ga ikon Allah, a Madina, a kan rufin gidanta. Ta sauka ta faɗa wa Baba. Na fara lissafin ta wace katanga zan dira. Amma kafin Baba ya taka matakala sai muryar Kaka ta fito ta taga.

"Ku bar yaro. Ba addininta ya bi ba, ba salla ya yi mata ba. Kwali ne da takarda. Ku da kuke da hankali me kuka ba ta?"

Baba ya tsaya a gindin matakala. Daga baya ya ce, bai ɗaga kai ba, "Ni ban hau sama ba, ban ga komai ba. Kuma kada na ji maganar nan a bakin kowa a unguwa." Ya saka takalmi ya koma rumfa.

Ranar wankin ciwo na gaba muka sauko da kayan. But ɗin motar bai rufu ba sai da Kawu ya ɗaure shi da igiya. Yana ɗaurewa yana mita.

"In aka tsayar da ni aka ce buɗe, me zan ce?"

Kaka ta ce, "Ka ce kayan tsohuwa ne, ta rikice."

"Wannan baƙin zaren fa mai sheƙi? Kamar na san shi."

Na ce, "Kawu, rana tana yi, mu tafi."

Bayan Sista ta gama naɗa bandeji na roƙe ta ta biyo mu wurin ajiye motoci, minti ɗaya kawai. Ta turo keken Kaka da kanta. Kawu ya kwance igiya yana waige-waige kamar mai sayar da kayan sata. Na ɗaga murfin. Rana ta bugi tauraron, haskensa ya kusa makantar da mutanen Yanbu da ke can bakin teku.

Sista ta tsaya. Ta dubi ƙwallon, ta dubi sarƙar raƙumi, ta dube ni.

"Na bishiyarki ne," na ce. "Mu muka yi. Ni da yara."

Ta sa hannu ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a gefen titi da fararen kayanta. Na ji daɗi, na ce aiki ya yi. Sai ta miƙo hannunta na hagu, ta ɗora yatsa a gwiwar hannun, ta ja shi zuwa ƙarshen yatsu.

"Bishiyata," in ji ta. "Haka take."

Wani busasshen reshe ne ta tsinta a bayan asibiti ta kafa a gwangwanin madara. A cikin durowar kayanta yake zaune, tana buɗewa ta kalla in ta dawo daga aiki, ta rufe. Ko da a ce bishiyar ta kai dabino, ba ta da hanyar wucewa da waɗannan kaya ta gaban mai gadin masaukinsu. Ƙaho ɗaya na tauraronmu ya fi bishiyar duka.

Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba, don sautin bai canja sosai ba. Ta tashi ta shafa ƙasdir ɗin, inda ƙanwata ta goge da cokali. Ta tambayi shekarun Auta. Na faɗa mata. Ta ce kusan sa'an ɗanta ne. Ta tsinki ɗan guntun zaren kaset, ta naɗe a yatsa, ta saka a aljihu. Shi kaɗai ta ɗauka.

Sannan ta durƙusa a gaban keken Kaka, kamar yadda take yi in za ta wanke ciwo, ta yi magana a hankali don na iya juyawa. Ta ce tun shekaranjiya ta gaya musu ba za ta sabunta ba. Ɗanta ya yi magana da ita ta waya, ya kira ta da sunan da yake kiran baƙi. Ta ce wadda za ta karɓe ta mutuniyar kirki ce, za ta nuna mata komai, har ɗumama kwalba. Ta ce don Allah Mama kada ta daina zuwa.

Na juya wajen Kaka. Na yi tunanin in ce Sista ta ce za ta yi shawara. Kaka ta riga ni.

"Ba sai ka faɗa ba. Na ji." Ta ɗora hannu a kan Sista. "Ce mata ta yi daidai. Mai inda zai koma ya koma."

Muka kama hanyar gida. But ɗin yana ta ƙara a bayanmu, tauraron yana bugun murfi. Ko maganar kaset Kawu bai tayar ba, kuma na tabbata ya gane. Da muka iso yaran suna bakin ƙofa suna jira. Ƙanwata ta ga kayan sun dawo yadda suka tafi. Ba ta tambaye ni komai ba, ta kama gefe ɗaya na tauraron muka mayar da shi sama. Auta ne kawai ya ce, "Alewar fa?"

Aka yi Sallah. Sista ta tafi bayan 'yan kwanaki, ba mu san ranar ba, zuwa kawai muka yi muka tarar da wata. Sabuwar ba ta da laifin komai. Ta durƙusa, ta ɗumama kwalbar, har murmushi ta yi. Kaka ta janye ƙafarta ta cusa a ƙarƙashin zane. Na yi lallashi, na yi barkwanci, na ce wannan ma 'yar'uwar waccan ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a jirgi ɗaya aka kawo su. Ko kallona ba ta yi ba. Ranar da ƙyar aka wanke rabi. Mako na gaba ta ce kanta yana ciwo. Na bayansa ta ce sanyi ya yi yawa. Baba ya yi faɗa, ya yi roƙo, har hawaye na gani a idonsa. Ta ce ita ta haife shi, ba shi ya haife ta ba.

Ta koma yi da kanta a ɗaki. Tana wankewa da zamzam, ta shafa man habbatus sauda, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Inna ta ƙara yawan turaren wuta a gidan, kuma duk mun san dalili, ba mai faɗa. Ni da nake sa ta dariya har ta yi tari, na shiga na kwaikwayi tafiyar Kawu, na kwaikwayi likita, na kwaikwayi kaina ina ɗaga murfin but. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ja mini ƙofar."

Wani lokaci nakan hau sama in zauna kusa da kayan. Iska ta warware zaren kaset ya sarƙe a eriya. Tantabaru sun ɓata ƙwallon. Nakan ce da na tambayi tsawon bishiyar, da mun yi 'yan ƙanana kamar ƙwayar carbi, waɗanda za su shiga aljihu. Sai in tuna Sista ta riga ta ba asibiti amsa tun muna dama gam. Ko da na auna daidai, ba abin da zai canja. Wannan ya fi ba ni haushi, don da laifina ne, da aƙalla na san wanda zan zaga.

Kafin aikin Hajji zazzaɓi ya kama Kaka, ta daina gane mu. Kawu da Baba suka ɗauke ta a bargo zuwa mota, ba ta da ƙarfin cewa a'a. Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, daidai inda likita ya gitta hannu. Ta rayu. Tana ɗakinta har yanzu, ranar Juma'a nakan tura ta a keke zuwa masallacin Harami. Ba ta ƙara ba da labarin tafiyar ba.